Gogen da Muka Saya da Damina

Ina da shekara arba'in da ɗaya na sayi gogena na farko, kuma da kuɗina na sayo wa kaina abin dariya. Lokacin ina koyarwa a wata firamare da ke kan hanyar Sakajiki, ina zaune a Ƙaura da mata da 'ya'ya huɗu. Mutumin da furfura ta fara taɓa gemunsa ba shi ake tsammanin gani da goge a hammata ba, balle a shekarar da aka fara aiki da shari'a a Zamfara, lokacin da masu gogen na ainihi ma kowa ke neman lungun da zai tura nasa.

Ban yi don tsokana ba. Na yi murna da shari'a kamar kowa a unguwarmu. Abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Mahaifinmu mai goge ne a Dauran, da damina ya yi noma, da kaka ya bi biki. Mu biyu ne maza. Yayana shi aka koya wa, ni kuwa aka tura boko, don Baba ya ce makaɗi ɗaya ya ishi gida. Na ji zafin wannan magana tun ina yaro, kuma ban daina ji ba.

Akwai wani kiɗa da Baba ba ya yi a biki. Ba shi da waƙa, ba taken kowa ba ne. In ya dawo daga gona da la'asar, ya wanke ƙafa, sai ya zauna a gindin rumbu ya yi shi, ba don kowa ba. Da Baba ya rasu, farkon kiɗan kaɗai ya rage a kaina. In na fara rera shi a hanci, ina zuwa wani wuri sai ya zame mini, in tsinci kaina a cikin wata waƙar rediyo. Sauran yana hannun Yaya, shi kaɗai a duniya. Yaya kuwa tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ajiye goge, ya tafi Zurmi gaban malamai, ya yi karatu mai zurfi, har ya zama magatakarda a wata kotu. 'Ya'yansa sun san kakansu manomi ne, ba su san sauran ba. Sau biyu na taɓa yi masa zancen kiɗan, sau biyu ya tambaye ni lafiyar iyali.

Da na ga masu goge suna ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, sai tsoro ya kama ni. Na ce in ban koya yanzu ba, ko da Yaya ya sauko wata rana, ba ni da hannun da zan karɓa da shi.

Wahalar mai koyo ita ce shi zai zaɓi abin da bai iya ba. Da rani na samu wani mutum a bayan tasha yana sayar da wani goge da araha. An yi masa ado da jar fata, ga tuntaye suna lilo. Mutumin ya ja izga sau biyu, ƙara ta cika wurin, na biya ina ganin na yi wayo. Na kai shi gida a cikin buhun taki. Matata ta leƙa buhun, ta dube ni, ta ce Allah ya sa dai ba a gaban surukai zan fara ba.

Wata biyu ina fama da shi a ƙuryar ɗaki. Ruwan farko na sauka, gogen ya yi shiru. Fatar ta saki, jakin da ke ɗauke da tsagiya ya nutse a cikinta, in na ja izga sai wani gurnani ya fito. Na shanya shi a rana ya ɗan farfaɗo, hadari na haɗuwa ya sake mutuwa.

Ran nan Yaya ya biyo ta gidana bayan sallar Juma'a, ya tarar da shi a kan tabarma a tsakar gida. Na sha jinin jikina, na shirya jin wa'azi. Ya tsaya a kansa ya daɗe, hannu a baya.

"Auta," in ji shi, "yaushe kas sayi wanga abu?"

Na ce da rani.

"Wa yac ce ma ana sayen goge da rani? Da rani ko hwatar ɓera ka ɗaura ma ƙwarya sai ta yi magana. Wagga hwatar akuya ta, ba ta guza ba. Kuma dubi tsagiyar, zaren masunta na. Sun gan ka da biro ga aljihu, sunka yi ma aski."

Sai ya ja da baya, kamar wanda ya ji muryar wani ta fito daga bakinsa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, duk da zagin da na sha. Ashe abin yana nan a cikinsa.

Na ce, "Yaya, ni ban da kunne. Ka raka ni in zaɓi wani. Zaɓe kawai."

Ya ce shi ba ruwansa. Ya sa takalmi, ya kai zaure, sannan ya juyo ya ce ran Alhamis yana da niyyar duba tumaki a kasuwar Shinkafi, in na ga dama in shiga motar da zai shiga.

Muna cikin dogon hutu. Na sayar da akuya ɗaya, ita ce iyakar ƙarfina, na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa hatsin gida ba saboda kiɗa. A hanya gero ya yi kore shar dama da hagu. Yaya carbinsa kawai yake ja. Da muka sauka, ko kallon kara, inda ake sayar da tumakin, bai yi ba. Ya bi ta rumfunan masu ƙorai har muka isa gaban wani dattijo da ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Abokin Baba ne, shi ke haɗa masa goge a da. Yanzu ɗinkin ƙwarya ke ci da shi, sai jefi-jefi in wani ya ƙetaro daga Nijar ya tambaya.

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi Yaya, ya dubi rawaninsa, ya ce, "Ɗiyan mai gogen Dauran. Kun tuno da mu?"

Yaya ya durƙusa ya ce, "Kawu, ƙanena na ka son koyo. Ni rakiya niy yi."

"Da wagga huhhura?" Dattijon ya yi dariya har da tari. "To, Allah shi ba da sa'a. Ku tashi mu tahi gida, ba a hiddo su nan."

Bayan azahar muka zauna a zaurensa. Ya shiga ciki ya fito da guda uku a naɗe cikin tsohon zane. Nan take idona ya faɗa kan babban, mai ƙusoshin tagulla a kewaye. Da ya faɗi kuɗinsa, na gane ko akuya uku na sayar ba zan kai ba, amma ban fasa shafa shi ba. Halina ke nan, ko a kasuwar takalma wanda ya fi ƙarfina nake fara gwadawa.

Yaya ya zauna nesa, ya harɗe hannu, yana ba da umarni da baki. In ƙwanƙwasa ƙwaryar in ji ko tana da kauri. In danna fatar da babban yatsa in ga ko za ta dawo. In duba gashin dokin ko ya fara tsinkewa. Duk na yi, ban ji bambancin komai ba. Aka ce in ja izga. Na ja, kajin da ke kiwo a ƙofar zauren suka watse.

Dattijon ya toshe kunne ɗaya ya ce wa Yaya, "Malam, ka ji tausayinmu. Da baki zaka zaɓa mai? Amshi."

Yaya ya dubi hanya ta ƙofar zaure. Babu kowa, hadari ya kori mutane. Ya matso, ya karɓi babban, ya goga ƙaro a izga, ya ja sau ɗaya, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu, shi ma haka. Na ukun ƙarami ne, ba ado ko ɗaya, ga ɗinki a gefen ƙwaryar inda ta taɓa tsagewa. Ya ɗora shi a cinya, ya ɗan gyara zaman jakin, ya ja a hankali. Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta fito sarai duk da damshin da ke cikin iska.

"Wanga zaka ɗauka," ya ce. "Babban na mai biki na, wanda ka son a jiya shi bayan gari. Kai wa zai saurare ka? Wanga tsagiyatai kusa take, yatsun tsoho na iya kai mata. In ka yi daidai shi gaya ma, in ka ɓata shi tona ka. Ɗinkin nan shi as sa yay yi araha, kuma ba ya hana shi komi."

Dattijon ya gyaɗa kai. Kuɗin akuyar ya isa, har da izga da ɗan ƙullin ƙaro. Na ji kunyar yadda na raina shi da farko.

Ruwa ya fara sauka a kan rufin. Gogen yana nan a cinyar Yaya, bai miƙo mini ba. Na san in na bari ya ajiye, shi ke nan. Sai na ce, "Yaya, kiɗan Baba na gindin rumbu. Sau ɗaya, don Allah. Ba ni ƙara tambayarka."

Yaya ya dubi ƙofa. Dattijon ya tashi ya saki asabarin ƙofa, ya dawo ya zauna.

Yaya ya runtse ido ya fara. Shi ne, ba ko tantama. Har yadda Baba ke jan sautin farko ya daɗe kafin ya sake shi. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Ya zo wurin da kullum yake zame mini, ya wuce shi, na ji wata gaɓa da na yi shekara da shekaru ban ji ba. Na riƙe numfashi ina jiran ta gaba.

Sai izgar ta tsaya.

Ya koma farko, ya taho, ya tsaya a wurin. Ya sake komawa. A karo na uku yatsunsa suka yi ta lalube a kan tsagiya, suna taɓa nan suna taɓa can, babu abin da ya fito. Ya buɗe ido ya dubi dattijon.

"Kawu, daga nan ina yan nuhwa?"

Dattijon ya girgiza kai. "Tsohonku bai taɓa yin wanga gabana ba. Yau nif fara jin shi."

Duk shekarun nan ina jin haushin Yaya, na ɗauka rowa yake mini, yana zaune a kan abin da ni aka hana. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abin zai iya barinsa. Na dube shi, babban mutum da rawani, ga goge a cinya.

"Auta," ya ce, "shekara ashirin ina roƙon Allah shi hidda min wanga kiɗi ga zuciya. Ban san an amsa ba sai yau."

Ruwa na ta zuba. Can Yaya ya share fuska da bakin rawani, ya ɗora mini gogen a cinya, ya kama yatsuna na hagu ya jera su a kan tsagiya ɗaya bayan ɗaya.

"Riƙe nan," ya ce. "Mu yi wanda yar rage, tun bai bi sauran ba."