Mun Kai wa Gwaggo Lambar Yabo a Bawku

Mun tashi da asuba daga Salaga, ni da ƙanwata, a motar da aka cika da doya har ƙarƙashin ƙafafunmu. A cinyarta akwai allon gilashi naɗe cikin zane. Lambar yabo ce da masana suka ba ta a ƙasar waje, saboda bincikenta kan yadda ƙwayar cutar ƙanjamau ke shiga ƙwayoyin jinin mutum ta yi lamo, magani ya kasa cim mata. Ta ce ba za ta rataye allon ba sai gwaggonmu ta Bawku ta taɓa shi.

Hanyar Yendi ta jijjiga mu sosai. Duk ramin da muka faɗa, allon take fara dubawa, ni kuwa ƙuguna. A tasha muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru. Wani dattijo mai fataucin shanu ya tambayi sana'arta. Da ta yi masa bayani, ya tambaya ko ta samo maganin. Ta ce tukuna, maɓoyar ɓarawon suke nema. Ya ce ai rabin aikin ke nan, ya saya mata gasasshiyar zabuwa.

Bayan Nalerigu muka gangara dutse, direba na salati, mu ma muna taya shi. Warin albasa ne ya shaida mana mun iso Bawku.

Gwaggo ce ta yi jinyar yayanmu lokacin da dangi suka guje shi, har ya rasu a ɗakinta. Tun daga nan ba wanda ya taɓa kiran sunan ciwon a gidanmu, shi ya sa da na ga maƙwabta sun cika tsakar gida na ji tsoron a tambayi dalilin lambar. Gwaggo ta shafa allon, sannan ta ɗaga murya.

"Ƙanjamau ne ya kashe ɗana. Ga 'yata nan tana farautarsa. Ku sa mata albarka."

Aka ɗaga hannuwa. Ƙanwata, wadda ta yi jawabi gaban manyan masana ba ta girgiza ba, ta durƙusa tana kuka.

Mun dawo Salaga lafiya da buhun albasa da ciwon baya. Na koyi cewa abin da gida ya daɗe yana ɓoyewa, ranar da aka faɗe shi da ƙarfi nauyinsa ke sauka.