Tiyon da Na Ara wa Surukina

Har gobe ban manta da wata Laraba cikin rani ba, lokacin ina kula da kayan kashe gobara a wani injin casar shinkafa a Tambuwal. Duk ranar Litinin nake zagayawa in duba tukwanen kashe wuta, da bokitan yashi, da jan tiyon da ke rataye kusa da tarin ƙaiƙayi. Tiyon nan ba irin na kasuwa ba ne, robarsa ko wuta ta lashe ta ba ta kamawa.

Sati biyu kafin ranar, surukina ya zo daga Fakku ya iske ni a wurin aiki. Ya dubi tiyon ya ce, "Wanga abu rataye shike ba aikin komi, ga albasata tana mutuwa da ƙishirwa. Ara man shi kwana fuɗu."

To, wa ke iya cewa suruki a'a? Na sunkuyar da kai na naɗe masa. Na rataya wani tsohon tiyon ban ruwa a gurbinsa, ina cewa a raina shekara nawa ba a yi gobara ba.

Ranar Laraba bayan azahar tartsatsi ya faɗa cikin ƙaiƙayi. Malam Sani mai gadi, dattijo ne, shi ya fara isa. Ya ja tiyon har bakin wutar saboda a zatonsa an riga an mayar da na ainihin. Robar ta narke ta manne masa a tafin hannu. Da bokiti aka ƙarasa kashe wutar.

Manaja ya tara mu ya ce, "Wa yac canza tiyon ga?" Na ƙi amsa laifina. Malam Sani ya ga ranar da aka fita da tiyon, amma kallona kawai ya yi, bai tona ni ba.

Washegari sai ga surukina a kan babur, tiyo a wanke tsaf, ga kwandon albasa. A gaban kowa ya ɗaga murya ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana, albasa ta tashi!"

Ban jira an sake tambaya ba, na faɗi gaskiya, aka sauke ni daga muƙamin. Wannan bai dame ni ba kamar yatsun Malam Sani biyu da har yau ba sa lanƙwasuwa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kayan gobara zamansu a rataye shi ne aikinsu. Na ji kunyar suruki ta minti ɗaya, ga shi kullum na miƙa wa Malam Sani hannu sai na kau da kai.