Ranar da Aka Hana Ni Kukan Mijina

Shekarun baya, ranar da aka binne mijina, matan cocinmu sun hana ni kuka. Haka abin yake, ba zan yi masa kwalliya ba. Yawancinsu sun huta yanzu, kuma na yafe musu, amma ban yafe da wuri ba. Saura kaɗan hanin nan ya raba ni da 'yata.

A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Muna zaune a Doka, ɗaki ɗaya a gidan haya, ni da shi da 'yarmu da ba ta isa shiga makaranta ba. Shi kafinta ne, ƙofofi da tagogi yake yi wa gidajen ma'aikata. Shi ya fara ba da gaskiya tun muna ƙauyenmu can kudu, ni kuwa na biyo shi daga baya, da gardamata da komai. Sa'ad da abin ya faru ina ajin baftisma, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Duk abin da aka ce mini an rubuta, sai in ce to.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, cikin zafin bazara. Ya dawo daga aiki yana kukan ciwon kai, washegari wuya ya ƙi juyawa, kafin mako ya zagayo an rufe masa fuska.

A wurinmu, idan miji ya mutu, matarsa takan fito tsakar gida ta yar da ɗankwali, ta faɗi ƙasa, ta yi ta kiran sunansa da na ubansa da na kakansa har muryarta ta dushe. Haka na ga uwata ta yi, haka na tashi zan yi. Ƙafata ba ta kai bakin ƙofa ba matar malaminmu na coci ta riƙe mini wuyan hannu. Doguwar mace ce mai sanyin murya, amma hannunta kamar awartaki.

Ta ce, "'Yar'uwa, mu ba ma kukan arna. Idon unguwa yana kanki. Ki nuna musu mijinki bai ɓata ba."

Sauran matan suka kewaye ni suka ɗauki waƙa. Kukan ya zo mini har maƙogwaro, na mayar da shi. A bakin kabari ma na yi waƙa tare da su, haƙora a cije. Aka yi ta yaba mini, wai sabuwar mai bi ce amma ta fi tsofaffi ƙarfin zuciya. Ba su san dutse na haɗiya ba.

Saƙo bai isa ƙauye da wuri ba, ga zafi, ba a iya ajiye gawa. Sai bayan an binne shi jirgin ƙasa ya kawo surukata da wan mijina. Su ba masu bi ba ne. Tun daga tasha wani ɗan garinmu ya tare su, ya ba su labari da niyyar sanyaya musu zuciya: ya ce ai matarsa ko hawaye ba ta yi ba, waƙa ma ta yi a kan kabarin.

Da suka shigo gidan, surukata ba ta amsa gaisuwata ba. Na kawo ruwa, ta ture ƙwaryar da bayan hannu. Na dafa gwaten acca, irin wanda take so, ya kwana a rufe. Maƙwabciyarmu, matar wani akawu, Musulma, ta aiko da tuwo na ta'aziyya, wannan suka ci suka siɗe kwano. A nan na gane inda aka dosa. A wurinmu, macen da idonta ya bushe a kan gawar mijinta, ta san abin da ya kashe shi.

Wan mijina bai ɓoye ba. Ya zauna a kan bencin da ƙanensa ya yi da hannunsa, ya kira 'yata ya ɗora ta a cinya, ya yi magana da yarenmu ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Wadda ta ci uban, ba za mu bar mata 'yar ba. Jibi jirgi zai koma, da ita za mu tafi."

Na tuna na tsinci kaina riƙe da muciya, kuma har yau ban san abin da na yi niyyar yi da ita ba. Na ce masa shi da bai taɓa aiko wa ƙanensa ko kan barkono ba, yau ya san yana da 'ya. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Duk abin da na faɗa sai ya ƙara masa hujja. Ya juya ya ce wa uwarsa ta duba, bakin yana aiki, idon ne kawai ba ya aiki. Kuma na sani sarai, in aka kai maganar gaban kowa, za a ce 'ya ta dangin uba ce.

Washegari da hantsi na tafi gidan malami. Na same shi yana yi wa kekensa faci, matarsa tana tsintar wake. Ban yi sallama ba. Na ce masa matarsa ta rufe mini baki, ga shi yanzu an ce ni mayya ce, gobe za a ɗauke mini 'ya, sai ya nuna mini inda aka rubuta cewa kada mace ta yi kukan mijinta, ko da yake ko ya nuna ba zan iya karantawa ba.

Ya ajiye tayar ya goge hannu. Daga baya ya ce ba a rubuta haka ba. Ya ce abin da aka hana mu shi ne baƙin cikin wanda yake ganin kabari ne ƙarshen hanya. Ya ce Ubangiji Yesu da kansa ya zub da hawaye a bakin kabarin abokinsa, alhali ya san zai kira shi ya fito. Matarsa ta sunkuyar da kai a kan faifan wake. Ta ce ita tsoro ta ji, kada in faɗi ƙasa mutanen unguwa su ce addinin namu zanen Lahadi ne kawai. Na ce mata zanenta ya yi kyau, ni kuma ya kusa shaƙe ni. Malami ya ce zai zo ya yi magana da wan mijina. Ya zo ɗin, amma ko tabarma ba a ba shi ba.

Yanzu dai an ba ni izinin kuka, sai kukan ya ƙi zuwa. Na shiga bayan ɗaki na matse ido, na tuna fuskarsa, na tuna muryarsa, babu ko ɗigo. Kunya ba za ta hana ni faɗi ba, har albasa na ɗauka na duba. Na ajiye ta. Na ce in na yi wa mijina kukan albasa, to, na zama abin da suke faɗi.

Da la'asar wan mijina ya fita neman wani ɗan garinmu. Na leƙa ɗaki na ga surukata ta ƙulle 'yan tufafin 'yata cikin tsumma, ta ajiye a bakin ƙofa. Ita kuma tana zaune a ƙasa, rigar aikin ɗanta a cinyarta, tana tsince ɓarɓashin katako daga aljihun. Na zo da shirin faɗa. Ita ce ta fara magana, kuma ba da muryar faɗa ba.

Ta ce, "Ke, matar ɗana, wa ya sanar da zuwansa?"

Ban gane ba. Ta ce ai kukan matar mutum shi ne sallamarsa a can lahira. Kukan ne iyayensa da suka riga shi suke ji, su fito su tarbe shi. Ta ce an binne mata ɗa a garin baƙi, cikin baƙi, babu wanda ya kira sunan ubansa, yanzu yana can yana zagaye bai san ƙofar da zai shiga ba. Ta ce tun da ta sauka daga jirgi ba ta runtsa ba, da ta rufe ido sai ta gan shi tsaye a fili da kayan aikinsa a kafaɗa.

Duk kwanakin nan ina ganinta a matsayin wadda ta zo ƙwace mini 'ya. Ban taɓa kawo wa raina cewa tsoro ne yake cinta ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita, ta ɗan janye ƙafa, amma ba ta tashi ba.

Na ba ta labarin abin da ban gaya wa kowa ba, har matan coci. Ana gobe zai cika, zazzaɓin ya ɗan sake shi, hankalinsa ya dawo. Ba ya iya juya wuya, sai ya ce in zagayo inda zai gan ni. Ya yi addu'a gajeriya. Sa'an nan ya yi ɗan murmushi ya ce duk ƙofofin da ya yi wa mutane a garin nan, ga wata a gabansa da ba shi ya yi ta ba, kuma a buɗe take, mai gidan yana tsaye a bakinta.

Na ce, "Mama, ɗanki ba ya zagaye. Wanda ɗanki ya je wurinsa ya san sunansa tun kafin ki raɗa masa. Shi Yesu ya mutu ya tashi, shi ya sa mutuwa ba ta iya rufe wa mutanensa ƙofa."

Ta dube ni, karo na farko tun zuwanta. Ta ce, "Kin tabbata an buɗe masa?"

Na buɗe baki zan ce na tabbata, sai abin da na haɗiye ranar jana'iza ya taso gaba ɗaya. Ban yi kuka mai kyan gani ba. Na yi gunji, majina da yawu, har matan gidan suka fito tsakar gida. Abin da ya ba ni mamaki, ba lokacin da nake tuna na rasa shi kukan ya zo ba, sai lokacin da na faɗa da bakina cewa yana wuri mai kyau. Da na tabbata babu abin da zai same shi, sai na sami sararin jin zafin rashinsa. Surukata ba ta rungume ni ba. Ta dai miƙo mini hannun rigar, na share fuska da shi.

Wan mijina ya dawo, aka ba shi labari, ya ce kukan da aka yi ana gobe tafiya kowa ya san na mene ne. Ya ce a kwana cikin shiri. Surukata ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba. Ƙunshin kayan yana nan a bakin ƙofa.

Yau 'yar nan tana da jikoki, kuma a hannuna ta girma. Surukata ba ta zama mai bi ba, kada in ƙara wa labari gishiri, amma ta zauna da mu har damina ta sauka. Ni kuwa daga baya na shiga ajin manya, ina zaune a kan benci da furfura ta fara leƙowa, ina lanƙwasa harshe a kan baƙaƙe, don kada wani ya sake riƙe mini hannu da sunan abin da aka rubuta. Tun daga lokacin, duk gidan rasuwar da na je, in na ga mata sun kewaye gwauruwa da waƙa, nakan kutsa in zauna kusa da ita in ce ta yi kukanta, mu za mu riƙe mata waƙar har ta gama. An sha ce mini ina ɓata tsari. Har yanzu ina kewarsa, kuma har yanzu na san inda yake. Biyun suna zaune a ƙirjina, babu wanda ya kori wani.

Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani kawai, jirgi zai tashi da safe.

Gari na wayewa na goya 'yata, ko da yake ta wuce goyo, ƙafafunta suna dukan cinyata. Na tsallake ƙunshin kayan. Na tsaya a kan surukata na miƙa mata hannu, na ce ta taso in kai ta ta ga inda ɗanta yake kwance, ta kira shi yadda take so, ni ma in kira shi, sa'an nan in yi addu'a. Ta ɗan jima tana kallon hannun, sai ta kama shi ta miƙe. Wan mijina yana zaure da sandarsa, ya ce lokacin jirgi ya yi.

Na ce, "Yaya, jirgi ya san hanyarsa. Mu makabarta za mu."

Muka fita. A bakin titi hanyar tasha ta yi hagu, na ja hannun tsohuwa muka yi dama.