Jibin da Aka Hana Magagi Gyartai

An hana Baba Magagi Jibin Ubangiji. Tsoho ne da ya haura saba'in, wata biyu ke nan yana kwance a ɗakinsa bayan kasuwar Filinge, ƙafafu sun kumbura kamar turmi. Da bakinsa ya roƙa a kai masa gurasa da ƙoƙo ko sau ɗaya kafin ya tafi. Kwamitin ƴar majami'armu ya zauna, ya ce a'a. Wai sunansa ba ya cikin kaye, wato littafin sunayen masu zuwa sujada ran Lahadi.

Gaskiya ne, ba ya ciki. To bari in faɗa muku inda yake ran Lahadi, tunda masu hukuncin ba su ga ya kamata su tambaya ba.

Magagi gyartai ne, mai ɗinkin ƙwarya. Ran Lahadi kasuwar Filinge ke ci. Tun da roba ta cika gari matan birni suka daina kawo masa aiki, sai matan ƙauye da na ruga, waɗanda har yau ba su yarda nono ya kwana cikin roba ba. Su kuwa sau ɗaya suke shigowa a mako. Wannan yinin guda shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Shekara arba'in yana zaune gindin itacen bedi ɗaya kusa da masu nono, basilla a hannu, zaren kaba a baki, fasassun ƙore jibge a gabansa. Yana huda, yana zura zare, yana ja. In ya gama sai ya zuba ruwa a ciki ya ɗaga sama, kowa ya gani ko tana ɗiga.

Na sha jin Habsatu mai nono tana tsokanarsa. "Gyartai, ka ɗinke da kyau hwa! In ta zubar min da nono, da kai za mu kwana."

"In ta zuba ki kirawo ni in lashe," in ji shi. "Ke dai ki bar bugun mijinki da ita."

"Wa ya gaya maka?"

"Tsagar ta gaya min. Wagga ba tsagar hwaɗuwa ba ce, siffar kan mutum gare ta."

Haka yake, kullum da dariya. Amma ba da dariya ya fara ba. Shi da kansa ya ba ni labarin. Yana ɗan shekara ashirin ya kora bijimin babansa, shi kaɗai ke gare su, ya kai kasuwar Baleyara ya sayar, ya hau mota sai Abijan. Niyyarsa ya dawo da abin sayen biyu ya durƙusa ya nemi gafara. Shekara shida bai dawo ba. Sai wani ɗan garinsu ya iske shi a tasha ya ce masa babansa ya rasu tun bara. Ya ce daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Wanda za a roƙa ya tafi, wa za ka durƙusa wa? Ciwo ya kayar da shi, wani kafinta Kirista ya ɗauke shi ya yi jinyarsa a shagonsa, kuma a nan ya fara jin cewa Almasihu ya riga ya ɗauki laifin da mutum ba ya iya gyarawa, abin da ya rage ga mutum ya miƙa hannu ya karɓa. Magagi ya ce wata uku yana gardama da kafintan, don shi bai taɓa ganin inda ake wanke ɓarawo kyauta ba. Daga baya ya ba da gaskiya.

Ya dawo gida, nan ƙasar Kurfai, ya gaya wa dangi duka biyun, satar da sabon addinin. Ya bar wa ƙannensa gonar gado, ya koyi gyartanci wurin wani tsoho. An yi fushi da shi, an daina gaishe shi, sannan a hankali aka saba. Yau Malam Yahaya, ladanin unguwarsu kuma taubashinsa, shi ke kai masa fura kowace hantsi. Shekaranjiya ina can ya shigo.

"Kai tsoho mai taurin kai, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Kai nika jira. Ka riga ni, in ɗinka maka likkahwani, basillata na nan."

"Allah ya sawwaƙe! Sha furarka."

Yanzu ga inda na shigo cikin labarin, kuma ba don in yi ado da shi zan faɗa ba. Sunana Basiratu. A gidan Kirista aka haife ni, na yi kwaleji a nan Filinge. Na auri wanda innata ba ta so, muka yi faɗa mai muni, na tafi Yamai na rantse ba zan ƙara taka gidanta ba. Sau biyu aka aiko min ba ta da lafiya, na ce dabara ce ta a jawo ni. Aiken na uku na rasuwa ne.

Na dawo gida, auren ma bai daɗe ba ya mutu. Shekara biyu ina share majami'a kowace safiya, ina wanke benci, ina azumin Laraba da Juma'a har na rame. Mutane suna yabo, wai ga mace mai tsoron Allah. Amma duk ranar Jibi in faranti ya iso gabana sai in sunkuyar da kai ya wuce. A raina ina cewa tukuna, sai na ƙara, sai na isa.

Wata rana masakin innata ya suɓuce min a bakin rijiya ya rabu uku. Babbar ƙwarya ce da ta zo da ita gidan aure, ita kaɗai na riƙe cikin kayanta. Kunya ta hana ni nuna wa kowa. Na sayi gam a shago na shafa, na ɗaure da tsumma, na ƙara shafawa. Da na zuba ruwa sai ya tsiyaye ta ko'ina. Ran Lahadi bayan sujada na naɗe shi cikin zane na kai gindin bedi.

Baba Magagi ya juya shi, ya shinshina, ya ɓata fuska. "Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ce, Baba."

"Ɗiyata, kin ƙara min wahala. Yanzu sai na kankare naki duka kahin in soma nawa. Da kin kawo shi yadda ya hwashe, da tuni kin tahi gida."

Ya ɗauki ƴar wuƙa ya shiga kankara. Ina tsugune ina kallo. Can, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "An ce min ke ka share majami'a kullum, amma ba ki cin Jibi. Mi ya sa?"

Na ce ban isa ba. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ina gaya masa komai a tsakiyar kasuwa, jakai na kuka, masu goro na kira. Ya bari na gama. Sannan ya ba ni labarin bijimin, ya ɗaga ɓallen masakin ya ce, "Shekara nawa nika wanga aiki, ban taɓa ganin ƙwaryar da ta ɗinke kanta ba. Kawo ta aka yi, a hwashe. Shararki da azuminki gam ne, ɗiyata. Allah bai ce ki gyaru ki zo ba. Shi ka ɗinki, shi ka zuba ruwa ya ɗaga ya ce wagga ta yi. In ya ce ta yi, wane ne ke da za ki ce tana ɗiga?"

Na ce, "To in bar sharar?"

"A'a, ki yi ta shara, ƙura ta yi yawa a wurin can. Amma ki share don murna. Ƙwarya in an ɗinke ta nono taka ɗauka, ba don a ɗinke ta ba, don an riga an ɗinke."

Na ji wa'azin barata ta wurin bangaskiya tun ina ƴar ƙarama, na iya ayoyin da ka, na ci jarrabawa a kansu. Ban taɓa gane cewa kyauta ce ba, kuma har da ni, sai ranar nan a bakin mutumin da bai iya rubuta sunansa ba. Jibin da ya biyo baya na miƙa hannu na ɗauka, ina kuka kamar yarinya. Masakin yana ɗakina yau, da layin ɗinki biyu, a ciki nake dama fura. Duk safiyar da na tashi ba nauyin laifin nan a ƙirjina, ina gode wa Allah, ina gode wa Baba Magagi. Ba ni kaɗai ba ce. Na san mutum uku a cikinmu da suka taɓa tsugunawa gindin bedin nan da abin da ya fi ƙwarya nauyi.

Tsohon fastonmu ya san duk wannan. Ran Jibi in kasuwa ta watse da la'asar, sai ya naɗe gurasa da ɗan kwalba ya tafi wurin Magagi, su zauna a kan tabarmar aiki su yi addu'a. Da aka yi masa canjin wuri aka kafa kwamiti, aka sayo kaye, aka yi doka: wanda ya yi wata uku ba a gan shi ba, babu Jibi sai ya zauna bencin baya Lahadi huɗu a jere. Magagi bai yi ƙorafi ba. Ya ce yara ne, za su gane.

Makon jiya na tari Issa, sakataren kwamiti, a ƙofar majami'a. Malamin lakkwal ne, makarantar boko, ran Lahadi hutu gare shi, kamar sauran ƴan kwamitin duka.

"Madam Basiratu, doka doka ce," in ji shi. "In muka karya don mutum ɗaya, gobe kowa zai tafi kasuwa. Ya zo ya yi Lahadi huɗunsa."

Na ce, "Mushe Issa, mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida sai an ɗauke shi? A kanka za ka ɗauko shi?"

Ya gyara tabarau ya ce za su sake dubawa a zama na gaba, ƙarshen wata. Likita kuwa ta gaya min a gefe kada mu sa rai da ƙarshen wata.

Na je na gaya wa Baba, raina a ɓace. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Kar ki yi hwaɗa da su. Abin da aka ba ni, ba cikin kaye yake ba, ba mai amshe shi. Ni dai marmari nika yi, in ci tare da ƴan'uwa sau guda." Shi ya yafe. Ni ban kai shi ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mushe Issa, Dattijo Lawali shugaban kwamiti, da kai sabon Fasto: kowace Lahadi kuna tsayawa gabanmu kuna cewa ceto baiwa ce, ba ladan aiki ba. Ko dai ku daina faɗa, ko ku aikata. Jibi mai zuwa Lahadi ne. In an tashi sujada ku ɗauki gurasa da ƙoƙo, ku bar kayen nan a kan tebur, ku biyo ni. Na san hanya, ta bayan masu nono ake bi. Malam Yahaya ya ce zai share ƙofar gida ya shimfiɗa muku tabarma. Ku zo ku ba tsohon nan abin da ba naku ba ne balle ku hana, kuma ku zo wannan Lahadin, ba wata ba.