Kajin Inna da Rumfar Suna

Da muka baro ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum saboda ɓarayin daji, kajinta kawai Inna ta iya ɗaukowa a kwando, ni kuma ƙullin tufafinmu. Kawu, yayan Inna, ya sauke mu a gidansa na Gummi. Matarsa ba ta hana ba, amma ɗakin da aka ba mu na ajiyar hatsinta ne, kuma a gabanmu ta faɗa cewa in zaman bai yi ba, akwai firamaren da sauran 'yan gudun hijira ke kwana. Na ga wurin. Aji ɗaya, iyali barkatai, zani ne labule.

Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ki riƙe kanki, ɗiyata. Wagga firgita taki, ki bar ta cikin ɗaki."

A ƙauye kallon kaji muka koya. Kaza na jin rurin babur tun kunnen mutum bai ji ba. Sai a ga sun bar tono, sun miƙe wuya, zakara ya yi wani gajeren kuka, kowacce ta nufi ƙarƙashin rumbu. In hakan ta faru ba a tsayawa tambaya. Goyo ake sunkuta a faɗa cikin dawa.

Ranar sunan jikan Kawu ina bayan madafa ina wankin shinkafa. Ban san an yi hayar rumfa ba, irin mai ƙafafun ƙarfe da shuɗin tamfol. Mu a gida gindin bishiya ake zama. Ina tsugune na ji kukan nan na zakara, sai ga kajin Inna sun wuce ni a guje, fukafukai a buɗe. A daidai lokacin babur ya tsaya a ƙofar gida.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Muryata kawai na ji tana cewa, "Sun shigo! Sun shigo!"

Gida ya hargitse. Maijego ta fito da jariri ko ɗankwali babu. Wata tsohuwa da tun safe take kukan gwiwa, ita aka fara hangowa a saman katanga. A gudun ne aka ture tukunyar miyar baƙi, ta kife cikin toka, nama da komai. Ni kuwa bayan buhunan gero aka samo ni, na cusa mayafi a baki.

Mai babur ɗin kujerun roba ya kawo.

Da aka gane, dariya ta ɓarke. Tsohuwar nan, ana sauko da ita, ta ce, "Ke 'yar boko, yaushe ɓarayi sunka fara zuwa da wurin zamansu?" Wata ta ce a gode mini, na warkar da gwiwar da ta gagari asibiti. Ina tsaye, zanina a jiƙe, ba kuma da ruwan shinkafa kaɗai ba. Na san sun gani. Ni da na gama sakandare, ni da mata ke kawo wa waya in karanta musu saƙo.

Matar Kawu ba ta yi dariya ba. Ta dubi tukunyar, ta dubi Inna.

"Yanzu mi za ni ba mutane? Da jinjirin ya faɗi hwa? Na hwaɗa, zaman ga..."

Inna ta tari numfashinta. "Yaya, laihin kajina ne. Kaza ba ta san tamfol ba. Dut abin da ya gilma bisa kanta da inuwa, shirwa ce a wurinta. Ga baƙunta. Ko turmi anka gusa musu sai sun tsorata, balle a ɗaga musu wanga abu. Yarinya kukansu ta ji. Ku yanke su a yi wata miyar."

"Dukansu?"

"Duka."

Na so in ce ba kaji suka yi ihu ba, ni ce. Inna da kanta ta watsa tsaba, ta yi musu kiran da suka saba, suka fito ɗaya bayan ɗaya daga bayan randa suna leƙen sama. Da hannunta ta kama su ta miƙa wa Kawu. Har da kazar nan mai launin wake-wake da ta fara kwanci.

Ni aka bar wa figa. Ina tsoma su cikin ruwan zafi, gashin na manne mini a yatsu, ban iya ɗaga kai na dubi Inna ba, tana gefena tana daka barkono kamar ba abin da ya faru. Har yau in ƙofar kwano ta bugu sai in zabura, sai dai na koyi cije leɓe.

Da la'asar, bayan baƙi sun ci sun watse, matar Kawu ta tsaya a ƙofar ɗakinmu. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Inna, "Gobe a kwashe buhunan ga zuwa zaure, ku samu wurin miƙe ƙahwa."

Inna ta ce, "Mun gode, Yaya." Ta taɓa ni da gwiwar hannu, ni ma na faɗa.