Kawu Labbo da Kuɗin Bebe

Kun dai san Kawu Labbo. Ko kwabo ka miƙa masa, sai ya jefa shi kan dutsen ƙofar shagonsa a Bungudu, ya kasa kunne. "In ji muryarsa tukuna!"

Shekarar da na fara fataucin gyaɗa, wani mai kwat ya zo daga Gusau ya yi cinikin buhu talatin. Ya zaro cak na banki, ya rubuta fam goma fiye da kuɗin. "Kuskure ne," in ji shi, "ba ni rarar a hannu." Wallahi har na kwance lalita! Gyaɗar da lalitar, jarina ke nan duka, har da na matata.

Sai ga Kawu. Ya fizge takardar, ya sake ta kan dutse. Shiru.

"Malam, kuɗin ga naka bebe ne."

"Baba, ai banki ke biya."

"To mu tai bankin, ya yi magana gabanmu. Gyaɗa ta jira."

Mutumin ya ce bari ya kewaya. Har yau bai dawo ba! Bayan sati biyu muka ji ya kwashe wa wani a Tsafe auduga mota guda da irin takardar nan. Da na ji, ƙasa na zauna.

Wata rana kuma baƙo ya kawo takardar waya: wai Ummaru ɗan Kawu na kwance asibiti a Kaduna, a ba mai saƙo fam biyar. Inna, uwar Ummaru, ta fasa kuka, ta fara cire warwaronta. Kawu ko gezau.

"Ka gan shi da idonka? Ƙafarsa ta katako fa, ba su ɓatar ba?"

"Tana nan, Baba, jingine da gado."

Innalillahi! Ummarun da ke buga ƙwallo! Kawu ya ce, "Ku riƙe mani shi." Takalmi kawai muka samu.

Amma da Ummaru ya aiko takardar kuɗi ta gaske, Kawu ya taka har gidan waya na Gusau, ya tsare akawu da tambayoyi tun hantsi har azahar. Da aka biya shi, akawu ya ce, "Baba, ka yarda yanzu?"

"Na yarda da kuɗin. Kai ne ban gama da kai ba."

Mun sha yi masa dariya, ni ma a ciki, alhali rufin asirin gidana daga hannunsa ya fito. Ban taɓa ce masa na gode ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya sa ya huta.