Lungun Bayan Tagar Ganiyu

Falilat 'yar Ogbomosho ce, amma a Kano ta tsufa. Tun tana amarya mijinta Ganiyu ya kawo ta Kano, shi yana ɗinki a Fagge, ita tana sayar da kwanuka a hanyar tashar jirgi. 'Yarsu ɗaya, Silifat, tana aure a Jos. Gidansu a Sabon Gari ɗan ƙarami ne, sai dai akwai siririn fili a bayan ɗakin Ganiyu inda yake shuka barkono da lalle.

A shekarar 1955 maƙwabcinsu Nwabueze, mai sayar da kayan mota, ya ɗora bene a kan gidansa. Filin nan ya koma lungu, rana ba ta leƙa shi sai tsakar rana, shi ma na ɗan lokaci. Barkonon ya yi tsawo ya lanƙwashe, lallen ya kakkaɓe. Damina na ɗaukewa kuma Ganiyu ya faɗi a kan kekensa na ɗinki, rabin jikinsa ya shanye. Aka kwantar da shi kusa da tagar da ke kallon lungun.

Wata rana tana ba shi koko ya kawar da kai. Maganarsa ta yi nauyi, sai da ta sunkuya ta ji shi.

“Yini nake ina kallon bango da busasshen kara. Ki samo mini wani abu kore.”

“Zan samo, Baban Silifat,” in ji ta, alhali ba ta taɓa shuka ko albasa ba.

Ta je wurin Toma, mutumin kudancin Zariya da ke kula da lambun wani babban ma'aikacin jirgin ƙasa, yakan sayi kwano a wurinta. Ya biyo ta gida, ya tsaya a lungun yana duban sama.

“Inna, wurin nan da wuya,” ya ce. “Abin da ke son inuwa ba ya jure ranin Kano, abin da ke jure rani kuma rana yake so. Amma mu gwada.”

Suka fara da bini-da-zugu saboda ba ya da wahalar kamawa. Ya kama, rani na shiga ya zubar da ganye ya bar sanduna. Suka sa ɗan lemun tsami, tunda shi ba ya kaɗe ganye; ya tsaya yadda aka dasa shi, ganyen ya yi ruwan ɗorawa, kwari suka lulluɓe shi. Toma ya yanko mata wani fure mai jan ganye daga lambun maigidansa, shi ma ya ruɓe daga gindi, domin Falilat ta yi ta ɗura masa ruwa safe da yamma. Duk wanda ya mutu sai ta tumɓuke shi tun Ganiyu bai farka ba, kamar ba zai gane ba.

Ganiyu ne da kansa ya tuna. Ya ce a ƙofar gidan kakansa akwai wani ɗan itace mai dogon ganye da Yarabawa ke kira peregun, yana tsaye a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, bai taɓa ganinsa babu ganye ba. Falilat ta roƙi wani ɗan garinsu da ke aiki a jirgin Ikko. Sai da aka shafe watanni ya kawo mata sanda biyu a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Toma ya haƙa rami, ya haɗa yashi da takin akuya, ya hana ta yawan ban ruwa.

Sanda ɗaya ta bushe. Ɗayar ta daɗe ba alamar rai ba alamar mutuwa. Kullum Ganiyu sai ya tambaya, kullum ta ce saura kaɗan. Ya rasu ana gab da azumi. Bayan addu'ar arba'in Falilat ta shiga lungun za ta yi shanya, ta ga tsiro ya fasa sandar, kore shar. Ta zauna a ƙasa a wurin ta yi kukan da ba ta yi ranar jana'iza ba.

Ƙannen Ganiyu suka zo daga kudu suka sayar da gidan. Wanda ya saya ya ce zai rufe lungun ya yi ɗakin ajiyar kaya. Silifat ta aiko a tafi da uwarta Jos, Falilat ta ƙi, ta kama ɗaki a Fagge kusa da Rijiyar Lemo. Ɗakin ba shi da tsakar gida, don haka ta roƙi Toma ya cire itacen ya kai lambun da yake aiki. Shekarar da ta biyo baya aka canza wa maigidansa wurin aiki, Toma ya koma garinsu. Ta taɓa zuwa ƙofar gidan mai lambun ta nemi a bar ta ta leƙa, maigadi ya ce bai san ta ba.

Ta ci gaba da sayar da kwanuka har gwiwa ta hana ta fita. A ɗakin nan na haya ta rasu, maƙwabta suka yi mata sutura kafin Silifat ta iso.